Hawa Bene Da Kayan Ɗaki: Kada Ka Ce Kai Kaɗai Za Ka Iya

Wani saƙo da ya shigo mini daga garin Potiskum na Jihar Yobe ne ya sa na ajiye abin da na shirya mana a wannan makon.

Mai saƙon matashi ne, direban babbar mota, kuma bai daɗe da angwancewa ba. Ya kama hayar ɗaki biyu a saman wani tsohon bene, irin mai shaguna a ƙasa. Ranar da za a yi jere, a-kori-kura ta sauke kayan amarya a ƙofar gida bayan la'asar. 'Yan dako suka faɗi kuɗinsu, ya ga sun tsawwala, ga shi biki ya riga ya rarake aljihu. Abokan ango kuwa kowa na can wajen tasa hidimar. Sai ya ce a ransa, shi da ke jujjuya tayar tirela, durowar kaya ce za ta gagare shi? Ya hau da katifa, ya hau da allon gado, ya zo kan durowar, wadda wasu ke kira sif. Ya jingina ta a matattakala, ya shiga ƙarƙashinta yana turawa taki bayan taki. Suna kaiwa inda benen ya yi kwana sai ta cije. Sama ta ƙi tafiya, ƙasa kuma ba dama, domin shi ne a ƙasan. Ya murɗa jikinsa don ya juya ta, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Da ihu ya tara mutane suka cire shi. A kwance ya karɓi 'yan kawo amarya, kuma yau mako uku ke nan bai hau mota ba, don ba ya iya zaman minti 20 ba tare da wani zafi ya tsarga masa daga ɗuwawu zuwa ƙafar hagu ba. Tambayarsa ɗaya ce: wane man shafawa ne ya fi?

Zan ba shi amsa, amma bari in fara da kai mai karatu, da ba ka riga ka shiga ƙarƙashin durowar ba. Lokacin biki ko na tashi daga wannan gida zuwa wancan yana zuwa wa kowa, kuma abin da ya samu wannan bawan Allah ba rashin ƙarfi ne ya jawo shi ba. Ƙarfin ne ma ya rufe masa ido.

Wanda ya san Potiskum ya san gari ne na kasuwa da manyan motoci, kuma kullum mutane ƙaruwa suke yi. Yawancin gidajen na ƙasa ne, amma a tsoffin unguwanni da bakin manyan tituna akwai benayen da masu hali suka gina shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, waɗanda yau matasa masu sabon aure ke kama haya a cikinsu. Haka abin yake a Azare da Gombe da cikin birnin Kano. To ka tsaya ka tuna kayan ɗakin da ake yi wa amarya a zamanin da aka zuba waɗannan matattakalai. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, wanda ake kwancewa sanda-sanda. Adaka ce da kwalla da langa da kabad ɗan madaidaici. Kowane ɗaya mace za ta iya ɗora shi a ka ta hau. Maginin da ya yi benen da waɗannan kaya ya yi lissafi, shi ya sa ya matse hanyar, ya tsayar da ita tsaye, ya sa mata kwana inda ya ga dama. Bai taɓa mafarkin za a zo da gado mai ƙafa 6 da 6, da durowa mai ƙofa huɗu da ta kusa taɓa silin, da kujera mai cin mutum uku, da firiza ba.

Ga kuma abin da ido ba ya kulawa da shi. A tsohon bene da wuya ka samu takun matattakala sun zo daidai da juna, domin da ido aka auna su. Ƙafarka kuwa tana haddace tsayin taki biyu ko uku na farko ne, daga nan ta ci gaba da hawa ba tare da ta tambaye ka ba. Taki ɗaya ya fi sauran tsawo da kaurin yatsa, ya isa ka yi tuntuɓe, balle kana ɗauke da abin da ya tare maka gani. Ƙara da bakin siminti da ya guntule, da tayil mai santsi da wani mai gida ya liƙa daga baya, da ƙarfen dafawa da tsatsa ta ci gindinsa, da duhu, domin yawancin irin waɗannan hanyoyi ba su da taga.

Su kuma kayan zamani, kyan ganinsu ya ɓoye nauyinsu. Katakon da kafintoci ke kira MDF garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka danne, kuma falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8, mai kaurin milimita 18, yana kai kusan kilo 40. Ka tambayi kafintanka falle nawa durowar ta ci. In ya ce uku, to kana maganar abin da ya haura buhun siminti biyu, tun ba a sa madubi ba. Buhun siminti ma ya fi ta daɗin ɗauka, domin yana kwanciya a jikinka. Ita kuwa ba mariƙi, ga santsi, ga tsawo, nauyinta yana can nesa da kai.

Wannan nisan shi ne tushen ɓarnar. Ka gwada da jarkar ruwa: ka rungume ta a ƙirji, sannan ka miƙa hannu ka riƙe ta nesa da jiki. Ruwan bai ƙaru ba, amma ka ji yadda bayanka ya amsa. Dalili shi ne tsokokin da ke miƙar da gadon baya suna manne da ƙashin ne, tazararsu da tsakiyarsa kamar santimita 5 ce kawai. In kaya mai kilo 20 yana nesa da ƙugunka da rabin mita, sai waɗannan tsokoki sun ja da ƙarfin da ya kai ninki goma, wato kamar kilo 200, kafin ka iya tsayawa, ban da nauyin ƙirjinka da kanka da suka sunkuya. Duk wannan matsi a kan ƙasusuwa biyar na ƙasan baya yake sauka, da 'yan faya-fayan guringuntsi da ke tsakaninsu. Kowane faifai kamar gammo yake, bayansa tauri, cikinsa laushi. Yana jure danna daga sama sosai. Abin da ba ya so shi ne a haɗa masa uku lokaci ɗaya: nauyi, da sunkuyo, da murɗawa. Idan bangonsa ya tsage, laushin cikin ya bullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, shi ne mutum zai ji zafi na bin ƙafarsa kamar wutar lantarki, alhali ƙafar lafiyarta lau. Kwanar matattakala kuwa ita ce wurin da waɗannan ukun suke haɗuwa dole.

Hukumar da ke binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, NIOSH, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da take ganin yawancin ma'aikata masu lafiya za su ɗaga ba tare da haɗari ba. Shi ma sai in kayan na kusa da jiki, akwai mariƙi mai kyau, ba murɗawa, kuma ba daga ƙasa can ake ɗauko shi ba. Kilo 23 bai ma kai jarka mai lita 25 cike da ruwa ba. Na san wani zai yi dariya ya ce a kasuwar hatsi ta Potiskum ana saɓa buhun da ya ninka haka sau huɗu daga safe har yamma. Gaskiya ne. Amma ka je ka zauna da waɗanda suka yi shekara ashirin suna wannan aiki, ka ga yadda suke miƙewa daga tabarma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba a duniya cikin abubuwan da ke nakasa mutum su hana shi aiki. Ciwo ne da ba a zuwa dubiya saboda shi, amma yana cin sana'a.

A fili, idan kaya ya fi ƙarfinka sai ka sake shi ka ja da baya. A matattakala babu wannan damar, kuma shi ya sa nake cewa wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne ko da Sarkin Ƙarfi ne. Mutum ɗaya wuri biyu gare shi. Ko ya tsaya a sama yana ja, a sunkuye, yana tafiya da baya a kan takun da ba ya gani. Ko ya shiga ƙasa yana turawa, inda mafi yawan nauyin ke gangarowa kansa, kuma in hannu ya kuɓuce shi ne birki. Ba wurin hutawa, ba wanda zai ce maka gefen can ya maƙale, in kuma abin ya danne maka ƙirji, ko ihun ma ba lalle ya fita ba. Direbanmu ya yi sa'a akwai shaguna a ƙasa. Hausawa da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, jinka ta ciyawa suke magana a kai.

To me za ka yi? Aikin yana farawa ne tun kafin a sayi kayan. Ka ɗauki tef ɗin awo, ko igiya in ba ka da shi, ka auna faɗin ƙofar shiga, da faɗin matattakala a inda ta fi matsewa, da filin kwanar, da tsayin rufin da ke saman kwanar, domin nan ne doguwar durowa ke cijewa in an tashi miƙar da ita. Ka aika wa iyayen amarya wannan awo. Na san akwai nauyin baki a nan, ango ba ya son a ce yana tsara wa surukai abin da za su saya wa 'yarsu. To ka bi ta hannun gwaggo ko yayarka. Ya fi sauƙi a kan a wayi gari ranar jere ana yanka sabuwar durowa da zarto a bakin titi, mata suna kallo, abin da ni da idona na taɓa gani, kuma har yau dangin biyu ba su daina maganar ba.

In kafinta ne zai yi kayan, ka ce masa saman bene za su, ya yi su yadda za a kwance. Durowa mai ƙofa huɗu ana iya yin ta gida biyu a haɗa a cikin ɗaki. In kuma an riga an yi, ka kira shi ko yaronsa ya zo da sukudireba ya warware ta a ƙasa ya ɗaura a sama. Kada ka ce za ka yi da kanka in ba ka saba ba, saboda MDF in noti ya yage raminsa ba ya sake kamawa da kyau. Ko ba za a warware duka ba, a cire ƙofofi da aljihunai da shantuna da madubi. Madubi a naɗe shi da bargo a hau da shi a tsaye, shi kaɗai. Kujera a kwance mata ƙafafu in suna kwantuwa. Wani lokaci cire ƙyauren ɗakin daga jikin bango shi ke ba da ɗan yatsa biyun da ake nema. Abin da ya rage bayan an yi wannan, allo-allo, shi ne za ka iya hawa da shi kai kaɗai, da sharaɗin kana ganin ƙafarka kuma hannu ɗaya zai iya kai wa ga abin dafawa.

Abin da ba ya kwantuwa, kamar firij da firiza da doguwar kujera, mutum uku nake so: biyu a ƙasa, ɗaya a sama, kuma mafi ƙarfi su ne a ƙasa. In akwai na huɗu, ya tsaya gefe ya zama ido. Mutum ɗaya ne kawai zai riƙa ba da umarni, ya ce ɗaga, ya ce tsaya, domin sau da yawa haɗarin da ake yi a irin wannan aiki daga nan yake zuwa, wannan ya ɗaga wancan bai shirya ba. A yi taki ɗaya a tsaya. Kafin a fara, a yi shawarar yadda za a sha kwanar, kada a bari sai an isa can kaya na hannu a fara gardama. Wajen ɗagawa daga ƙasa, ka matso da jikinka, ka buɗe ƙafa, ka lanƙwasa gwiwa, ka tashi da cinyoyinka. In za ka juya, ka juya da ƙafafu, kada ka murɗa ƙugu. Ka cire silifas ka sa takalmi mai rufi da ba ya santsi, ka cire babbar riga ko jallabiya, don bakin riga ya kayar da mutane da yawa a bene. A share yashi, a goge ruwa, a kunna fitila. Yara kuma a fitar da su gaba ɗaya, a sa wani babba ya tsare su, saboda ba abin da yaro ke so kamar ya biyo bayan masu ɗaukar kaya, daidai inda abin zai faɗo.

Firij a hau da shi a tsaye gwargwadon iko, an ɗaure ƙofarsa. In dole ta sa an kwantar da shi, to bayan an ajiye kada a jona shi da wuta nan take, a bar shi a tsaye ya wuni ko ya kwana, domin man injinsa ya koma mazauninsa.

Akwai dabarar da ake yi in matattakala ta ƙi, wato a ɗaura igiya a jawo kayan ta baranda. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro a tsohon gida. Katangar baranda an yi ta ne don mutum ya dafa ya leƙa titi, sau da yawa bulo ne na ado da aka jera ba ƙarfe a ciki, wanda kuma ke da ƙarfen, damina arba'in ta ratsa shi. Mutum uku su jingina da ita suna jan kilo 100, tana iya tafiya da su duka. Ga wayoyin wuta da ke ratsa gaban benaye a bakin titi, kusa da hannu. In babu makawa sai an bi ta nan, a nemo waɗanda aikinsu ke nan, a tabbatar ba wuta a wayar da ke kusa, kuma kada kowa ya tsaya a ƙasan kayan.

Lokaci ma abin dubawa ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Potiskum yana haura digiri 40, kuma jikin da ya yi gumi ya gaji ba ya riƙe kaya kamar na safe. A yi aikin da sanyin safiya. Mai azumi ya bari sai bayan ya sha ruwa ya huta. Mafi yawan gaggawar da ke sa mutum ya ce bari in yi ni kaɗai, daga kawo kaya a makare take tasowa, magariba ta gabato, ana tsoron barin su a waje. Gara ka roƙi mai shagon ƙasa ya ajiye maka su kwana.

Akwai kuma waɗanda ko da taron mutane bai kamata su sa hannu ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, domin yunƙurin da mutum ke yi ya riƙe numfashi yana cilla jini sama nan take. Wanda ke da ƙaba, ko ƙarama ce, a matsematsi ko a cibiya, saboda yunƙuri shi ke tura hanji ta wurin da fatar ciki ta yi rauni. Wanda aka yi wa tiyata a ciki cikin 'yan watannin nan. Da dattijon da ke ganin in bai kama ba za a ce ya tsufa. Baba, ka zauna ka ba da umarni, ya wadatar.

Ke kuma uwargida, ban manta da ke ba. Na san halin: maigida ya fita, kin dubi ɗaki kin ga ya ishe ki, kin ce yau sai gado ya koma can, durowa ta dawo nan, kafin ya dawo ya ga canji. In kina da ciki, ko ba ki cika mako shida da haihuwa ba, balle in tiyata aka yi miki, ki bar wannan aiki. In lafiyarki lau kuma a cikin ɗaki ne, ki kwashe kayan ciki tukuna, ki sa tsohon bargo ko buhu a ƙarƙashi, ki tura maimakon ki ɗaga. Amma hawa ko sauka da kaya a bene, ki jira a samu maza. Kuma don Allah a daina kiran almajirai da yaran maƙwabta 'yan shekara goma sha biyu a ce su kama, don an san ba za su yi ciniki ba. Ɗan wani ne, kuma ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Mu dawo kan kuɗin 'yan dako, tunda daga nan labarin ya faro. Ban san nawa suka nema ba, amma na san bai kai kuɗin mako uku na direban da bai hau mota ba, ban da magani. Ka yi ciniki tun kafin ranar, ka gaya musu bene ne, hawa nawa, kaya iri kaza, don kada a yi rigima a ƙofar gida. In sun ce aikin na mutum huɗu ne, kada ka ce biyu su yi don ka rage kuɗi. Su ma baya gare su, kuma ba su da hutun rashin lafiya. Wanda ka ga idonsa ya juye, yana ta rawar jiki yana cewa shi kaɗai zai saɓa, ka sallame shi. Ƙwaya irin su tiramadol tana kashe jin zafi ne kawai, ba ta ƙara wa ƙashi ƙwari, kuma mutumin da ba ya jin gargaɗin jikinsa bai kamata ya tsaya saman kanka da firiza ba. In kuma aljihun ne da gaske babu, to gayya ba ta mutu ba. Ka faɗa a masallacin unguwa bayan sallar asuba, ka ga ko matasa huɗu ba za su biyo ka ba. Kunyar roƙon ce ke hana mu, ba rashin masu zuwa ba.

Idan kuma abin ya riga ya faru fa? Yawancin ciwon baya da ke biyo bayan ɗaukar kaya tsoka ce ko jijiya ta ji jiki, kuma yana lafawa cikin 'yan makonni. Kada ka kwanta ka miƙe kwana da kwanaki, wannan yana ƙara sandarar da bayan. Ka huta kwana ɗaya ko biyu in zafin ya yi yawa, daga nan ka riƙa tashi kana takawa a hankali. Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa. Farasitamol ba laifi, babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana ɗaya. Amma ka yi hattara da su diclofenac da ibuprofen, musamman haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda a kemis ko a tasha, wanda ba ka san me ke ciki ba. Shan su kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda, kuma ba sai an faɗa wa mutumin Yobe, da ya san abin da ciwon ƙoda ke yi a yankin Gashuwa, darajar ƙoda ba. Mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai ciki, kada su sha sai likita ya ce.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. In bayan ciwon baya ka ga fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida yana kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyinka da wajen zama ya mutu ba ka jin taɓawa, ko ƙafafu suna rasa ƙarfi, to jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, kuma sa'o'i ake ƙirgawa kafin lahanin ya zama na dindindin. Haka in wani ƙullutu ya fito a matsematsi ko cibiya, yana zafi, ya ƙi komawa, ga amai, ga ciki ya kumbura: hanji ne ya shaƙe, aikin tiyata ne na gaggawa, kada a tsaya dannawa ko jiƙa magani. Wanda ya buga kai, in ya fara amai, ko barci na fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, a tafi da shi ko da ya ce ya warware.

Wanda kuma ya faɗo daga bene yana kukan wuya ko baya, a nan ne masu taimako kan ƙarasa abin da faɗuwar ta fara. Kada a ɗauke shi hannu da ƙafa kamar buhu, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a cusa a Keke Napep. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sauran su mirgina shi gaba ɗaya a kai, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Babban asibitin Potiskum ne farkon zuwa. In abin ya fi ƙarfinsu su za su tura Asibitin Koyarwa na Damaturu, mai nisan kusan kilomita 100, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Game da masu ɗori, ban raina su ba, amma a fara ɗaukar hoton ƙashi a san irin karayar. Kuma duk ɗaurin da ya sa yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, a kwance shi a tafi asibiti a daren, don haka ake rasa hannu. Ƙashin baya da na wuya kuwa ba a kai su wajen ja ko dannawa.

Abu ɗaya ya rage bayan kaya sun isa sama lafiya. Doguwar durowa a kan daɓen tsohon ɗaki da bai daidaita ba, jira take yaro ya buɗe aljihunta ya taka. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowa miliyan 29 a Amurka bayan irinsu sun rifto sun kashe ƙananan yara. Kafin kafinta ya tafi, ka sa ya ɗaure ta da bango ta sama da ɗan ƙarfe mai kwana da noti, a kuma sa kaya masu nauyi a ƙasa, masu sauƙi a sama. Aikin minti goma ne.

Kai kuma angon Potiskum, ga amsarka. Babu man shafawar da zai kai inda ciwonka yake. Zafin da ke sauka ƙafa ɗaya, yana ƙaruwa da zama, har mako uku, ya fi kama da faifan da ya danne jijiya, kuma sai likita ya duba ka ya gwada ƙarfin ƙafar kafin a tabbatar. Ka je asibiti a wannan makon. Kada ka yi mamaki in hoton ƙashi ya fito ba a ga komai ba, domin irin wannan hoto ba ya nuna faifan, sai na MRI, shi ma likita ne zai ce ko akwai buƙata. Mafi yawan masu irin wannan suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, da magani da motsa jikin da masu gashin ƙashi za su koya maka, sai dai yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Kada ka koma doguwar tafiya da mota sai sun sallame ka, in ka koma kuma ka riƙa tsayawa kana miƙe ƙafa, tayar ma ka bar wa yaran mota. In ka ga ɗaya daga alamomin da na lissafa a sama, kada ka jira gari ya waye. Allah Ya ba ka lafiya, a gaida amarya.